Girman tanki da abincin da ya dace da kifin firana a gida

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya cewa ya sayi 'ya'yan firana, kifin nan mai kaifin haƙora, guda biyu, kowannensu bai wuce tsawon babban yatsa ba, ya saka su a tankin gilashi mai tsawon santimita 80, faɗin 35 da tsayin 40. Mutumin da ya sayar masa ya tabbatar masa cewa tankin zai ishe su har su girma, ya kuma ce ya riƙa jefa musu ƙananan kifaye masu rai da yankan naman shanu kullum. Yana so ya san ko shawarar daidai ce.

Malam, duka shawarwarin biyu kuskure ne, kuma akwai kuskure na uku da ba ka tambaya a kansa ba, wato adadin kifin da ka saya. Zan yi maka bayani dalla-dalla, domin waɗannan abubuwa uku a sarƙe suke da juna, ba a gyara ɗaya a bar sauran.

Kusan duk firanar da ake sayarwa don kiwo a gida ita ce mai jan ciki, wadda a takardun 'yan kasuwa za ka ga an rubuta sunanta piranha, masana kuma suna kiranta Pygocentrus nattereri. Masanin kifi Rudolf Kner ne ya raɗa mata sunan a 1858 don karrama Johann Natterer, ɗan ƙasar Ostiriya da ya shafe shekaru yana tattara dabbobi a Barazil. Asalinta kogunan Kudancin Amurka ne, musamman kogin Amazon da kogin Faraguwai da fadamun da suke malalewa a lokacin ambaliya. Kafin komai ka tabbatar cewa ita ce a hannunka, domin akwai 'yar uwarta da ake kira faku mai jan ciki, wadda a ƙuruciya kamarsu ɗaya, amma ita tana iya wuce santimita 80 idan ta girma, kuma babu tankin gida da zai ɗauke ta. Ka dubi bakin: firana muƙamuƙinta na ƙasa ya turo gaba, haƙoranta masu tsini ne a jere ɗaya, suna shiga tsakanin juna kamar bakin almakashi, ita kuwa faku haƙoranta masu faɗi ne kamar na ɗan Adam.

Wannan ɗan kifi da kake gani kamar yatsa, idan ya samu kulawa zai kai santimita 12 zuwa 15 a shekararsa ta farko, daga nan girman ya lafa, ya ci gaba a hankali har ya kai santimita 25 zuwa 30. Ba siriri ba ne, jikinsa mai faɗi ne da kauri kamar faranti, kuma yana iya shekara 10 ko fiye a tanki. Saboda haka ba don kifin yau ake sayen tanki ba, don kifin baɗi da na shekara biyar masu zuwa ake saya. Tun ran gini tun ran zane. Lissafin ruwan tanki ba wuya: ka ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, ka raba da 1,000, sai ya ba ka lita. Naka ya kama lita 112 a takarda, amma idan ka cire gurbin tsakuwa da itace da ratar da ake bari a sama, ruwan da ke ciki ba zai wuce lita 90 da ɗoriya ba. Wannan bai kai abin da babbar firana guda ɗaya take bukata ba, balle biyu. Faɗin santimita 35 ma kaɗai ya isa hujja, domin kifi mai tsawon santimita 30 da kyar zai iya juyawa a ciki ba tare da ya gogi gilashi ba.

Maganar da wasu masu sayarwa suke yi cewa kifi yana girma ne daidai da tankinsa tana ɓata mini rai duk lokacin da na ji ta, saboda an ɗauki cuta an mai da ita hikima. Gaskiya ne kifi a ƙaramin tanki yakan tsumbure, amma dalilin shi ne gurɓataccen ruwa da takura da fargaba marar yankewa, kuma irin wannan kifi ba ya kai shekarun da ya kamata ya yi.

Yanzu batun adadi, wanda a wurina shi ne ya fi gaggawa. Sunan da firana ta yi na ƙeta ya samo asali ne tun daga labarin da tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya bayar bayan tafiyarsa Barazil a 1913 zuwa 1914, daga baya finafinai suka ƙara gishiri, har mutane suka ɗauka cewa tana yin garke ne don ta yi wa manyan dabbobi taron dangi. Binciken da Helder Queiroz da Anne Magurran ta Jami'ar St Andrews suka wallafa a 2005, bayan aikin da suka yi a yankin Mamiraua na Amazon, ya nuna cewa babban dalilin garken shi ne tsoro. A kogi kada yana cin firana, dabbar dolfin ta kogi tana cin ta, tsuntsaye masu nutso da manyan kifaye ma haka. Masu binciken sun lura cewa idan kifin yana cikin ƙaramin gungu numfashinsa yakan yi sauri, idan gungun ya ƙaru sai ya samu natsuwa. Duk wanda ya taɓa kiwonta ya ga wannan da idonsa: ka buɗe ƙofar ɗaki da ƙarfi, ko ka kunna fitila kwatsam, sai ka ga garken ya tarwatse, wasu suna karo da gilashi, jan cikinsu ya koɗe, su maƙale a bayan itace su yi shiru na tsawon lokaci.

Amma kuma a cikin garken akwai babba da ƙarami, akwai cizon fiffike da wutsiya, kuma a nan ne adadi yake aiki. Idan su biyu ne, mai ƙarfin ba shi da wanda zai huce a kansa sai ɗaya tilo, kullum shi ne abin kora, har ya raunana, da zarar ya raunana kuma ya zama abinci. Na koyi wannan ne ta hanya mai ciwo a farkon kiwona, lokacin da na haɗa guda uku a tankin da bai kai lita 200 ba. Makonni na ina ganin ƙaramin cikinsu yana tsayawa a lungu ɗaya kusa da saman ruwa, wutsiyarsa a yage, ina cewa zai warke tunda fiffiken firana yana saurin tofowa. Wata safiya na tarar da kansa kawai da ɗan gaban jikinsa a kan tsakuwa. Ba yunwa ce ta sa ba, domin na ciyar da su a daren. Rashin wurin gudu ne da rashin yawan da zai raba faɗan. Shi ya sa masu kiwo suka daidaita a kan cewa ko dai ka ajiye guda ɗaya tak, ko ka ajiye biyar zuwa sama masu girma ɗaya, waɗanda suka tashi tare. Biyu da uku su ne adadi mafi haɗari.

Idan ka zaɓi garke na biyar ko shida, mafi ƙarancin abin da zan amince da shi shi ne tanki mai tsawon santimita 150, faɗin 60 da tsayin 60, wato lita 540, wanda ya ba kowane kifi lita 90 zuwa 108. Idan da hali, mai tsawon 180 da faɗi da tsayi iri ɗaya, wanda yake ɗaukar lita 648, ya fi, kuma za ka ga bambanci a natsuwarsu. Tsawo da faɗi sun fi tsayi muhimmanci, domin firana ba ta hawa da sauka, tana zama ne a tsakiyar ruwa zuwa ƙasa, kuma idan ta firgita a miƙe take gudu. Idan kuwa guda ɗaya za ka riƙe, tanki mai tsawon 120, faɗin 50 da tsayin 50, wato lita 300, zai wadatar, sai dai ka sani cewa firana mai jan ciki idan tana ita kaɗai takan ƙara zama matsoraciya, mafi yawan yini a ɓoye. Wadda aka saba ajiyewa ita kaɗai ita ce baƙar firana, Serrasalmus rhombeus, wadda ba ta jure zama da kowa, tana girma a hankali amma tana iya wuce santimita 40. Wannan ba ta sabon shiga ba ce.

Ka yi la'akari da nauyi tun kafin ka yi odar tankin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 540 da gilashinsa da tsakuwarsa da mazauninsa zai doshi kilo 700. Teburin falo ba zai ɗauka ba. Ana bukatar mazauni na ƙarfe ko katako mai ƙwari a kan daɓen da ya daidaita, a shimfiɗa soso mai tauri tsakaninsa da gilashin. Gilashin ya kai kaurin milimita 12 tare da maɗauri a sama, sannan a yi masa murfi mai nauyi, domin firgitaccen kifi yana tsalle, kuma yaran gida suna da son tsoma hannu. A ajiye tankin a inda ba a yawan kai-komo, a rage hasken fitila, a saka manyan itatuwan da aka tanada don tankin kifi da tsirrai ta yadda kifin da ake kora zai iya ɓacewa daga idon mai korarsa, amma a bar fili a gaba.

Dalilin da ya sa na ce girman tanki da abinci magana ɗaya ce shi ne ruwa. Firana ba ta haɗiye abinci gaba ɗaya, yagarsa take yi, ɓarɓashi yana watsuwa ko'ina, kuma abincin nama yana fitar da amoniya mai yawa ta kashinta da numfashinta. Amoniya guba ce. Ƙwayoyin bakteriya masu amfani da suke zaune a cikin matatar ruwa ne suke mai da ita naitirayit, wanda shi ma guba ne, sannan su mai da shi naitiret, wanda kifi yake iya jurewa idan bai taru ba. Sabuwar matata tana ɗaukar mako 4 zuwa 6 kafin waɗannan ƙwayoyi su kafu, don haka sabon tankin sai ka tayar da matatarsa tun kafin ka mai da kifin ciki, kuma idan ka ɗebi sosan tsohuwar matatarka ka saka a sabuwar, lokacin zai ragu. Ka nemi kayan gwajin ruwa: amoniya da naitirayit su kasance sifili a kowane lokaci, naitiret kuma kada ya wuce miligiram 40 a lita, ƙasa da 20 ya fi. Matatar ta iya juya ruwan tankin aƙalla sau biyar a awa, kuma matata biyu sun fi ɗaya, domin idan guda ta tsaya ɗayar tana aiki. Kowane mako ka zuƙe kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na ruwan da tiyo, kana bin tsakuwa don fitar da dattin da ya kwanta, ka mayar da ruwan da babu kulorin a cikinsa, mai ɗumi daidai da na tankin. Sosan matata kuwa a cikin ruwan da ka zuƙe ake ɗauraye shi, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Ɗumin ruwan da take so shi ne digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Ga mai kiwo a ƙasar Hausa wannan yana nufin hita a lokacin hunturu, a sa mata kariya ta roba domin firana tana karo da ita kuma tana cizon waya, sannan a bazara, lokacin da ruwan tanki yake iya haura digiri 30 iskar da ke cikinsa ta ragu, a ƙara famfon iska a rage abinci. Ɗauke wuta shi ne babban abokin gaba, domin ƙwayoyin matata suna fara mutuwa idan ruwa ya daina gudana a kansu na sa'o'i masu yawa. Wanda ba shi da sola ko inbata, aƙalla ya tanadi famfon iska mai batir, kuma ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba kada ya ciyar da kifin kwata-kwata.

Sai mu zo kan abincin kansa. A kogi firana mai jan ciki ba ta da zaɓe: tana cin ƙananan kifaye, ƙwari, tsutsotsi, jatan lande, fiffiken wasu kifaye, mushe, har da 'ya'yan itatuwa da iri da suke faɗowa a lokacin ambaliya. Babu inda take samun naman shanu kullum. Kitsen dabbobi masu ɗumin jini yana da wuyar sarrafawa a jikin kifi, yana taruwa a hanta da kewayen hanji, sai ka ga kifi ya yi ƙiba a ido alhali cikinsa yana lalacewa, ga maiƙon da yake bari a saman ruwa. Don haka naman shanu da na kaza da hanta ka fitar da su daga lissafi. Zuciyar shanu da aka cire wa kitse, wadda wasu suke bayarwa, ba za ta kashe shi ba idan sau ɗaya ne a wata, amma ni ban ga bukatarta ba.

Kifaye masu rai kuma suna da illa uku. Na farko, su ne babbar hanyar shigo da cuta da ƙwayoyin da ke maƙalewa a fata, saboda kifin da ake sayarwa da arha don ciyarwa a cunkushe ake ajiye shi. Na biyu, jan kifin ado da aka fi amfani da shi, da danginsa, suna ɗauke da wani sinadari mai suna tayaminis wanda yake rusa bitamin B1, kuma kifin da ya daɗe yana cin su yakan fara rasa kuzari, ya daina cin abinci, ya riƙa iyo a karkace. Na uku, azabtarwa ce da babu dalilinta, domin firana tana karɓar mataccen abinci ba tare da wata wahala ba, kuma a tanki kifin da aka jefa ba shi da inda zai tsere. Wanda ya sayi firana don ya tara abokai su kalli yadda take yaga ɗan kifi, a ganina bai shirya kiwo ba.

Ginshiƙin abincinta ya zama farin naman kifi marar maiƙo, kuma a nan karfasa ta dace ƙwarai, tunda ba ta cikin masu wancan sinadari kuma tana samuwa a kusan kowace kasuwa. Ka saye ta sabuwa, ka yanka gunduwa-gunduwa daidai bakinsu, da fatar idan ka so, ka daskarar a firiza na kimanin mako guda don rage haɗarin tsutsotsin cikin nama, ka riƙa ciro abin da za su ci a rana ɗaya kana narkar da shi a ruwa mai sanyi. Ka riƙa sauyawa da ɗanyen jatan lande da ɓawonsa, wanda yake ƙara wa jan cikin armashi, amma kada ya zama na kullum domin shi ma yana iya ɗaukar tayaminis. Tsutsar ƙasa (tana) da aka wanke, gyare da fara suna da kyau, in dai ba daga gonar da aka yi wa feshi suka fito ba. Busasshen kifi, kifin banda, kifi mai gishiri, ko soyayyar fara mai yaji, duk ba nasu ba ne. Abin da na fi so ka yi tun yanzu da suke ƙanana shi ne ka saba musu da abincin kamfani na kifaye masu cin nama, irin ƙwayoyin nan da suke nutsewa, saboda shi ne yake cike gurbin bitamin da naman da aka daskarar yake rasawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Babbar firana da ta saba da nama zalla takan yi mako biyu tana ƙin ƙwaya. Jefi-jefi ka gwada musu dafaffen wake kore ko ɗan ganyen alayyafo, idan sun ci to madalla, idan sun ƙi ka cire.

Yawan ciyarwa yana tafiya da shekaru. A girman da naka suke yanzu, sau biyu zuwa uku a rana, kaɗan-kaɗan, domin 'ya'yan firana masu jin yunwa sun fi manya saurin cin junansu. Idan sun kai santimita 10 zuwa 12, sau ɗaya a rana ya isa. Manya kuwa sau biyu zuwa uku a mako, kuma babba mai lafiya yana iya mako guda bai ci ba babu abin da zai same shi, saboda haka idan tafiya ta kama ka gara ka bar su haka da ka damƙa wa wanda zai cika tankin da nama. Ma'aunin shi ne abin da za su cinye cikin minti biyu zuwa biyar. Ka jefa yanka da yawa a wurare daban-daban a lokaci guda don kada su taru a kan ɗaya su ciji leɓe ko idon juna, sannan ka ja da baya ka tsaya cik. Za ka ga sun yi jim suna kallo, ɗaya ya matso ya ɗan taɓa ya koma, sai kuma gaba ɗaya su afka, cikin daƙiƙu kaɗan an gama. Duk abin da ya rage bayan minti goma ka cire shi da dogon hantsaki, kada ya kwana. Kifin da ya ƙoshi daidai cikinsa yana ɗan tasowa ne kawai; idan ka ga kitse ya taru a bayan kansa har ƙeyar ta yi tudu, ka rage.

Kada ka haɗa su da wani kifi. Ko kifin nan mai sharar gilashin tanki da ake cewa suna ƙyalewa yakan yi watanni lafiya, rana ɗaya a wayi gari babu shi.

Akwai kuma nauyin da ke wuyanka wanda ya wuce ɗakinka. Jihohin Amurka da dama, ciki har da Kalifoniya da Texas da Florida, sun haramta mallakar firana saboda tsoron kada ta kafu a ruwayensu masu ɗumi, ƙasar Filifin ma ta haramta. Ka binciki dokar inda kake, kuma ko da babu doka, kada ka taɓa sakin ta a kogi ko dam ko kududdufi idan ta gagare ka, domin ruwayenmu suna da ɗumin da za ta iya rayuwa, kuma masunta da ke cin abinci da karfasa da tarwaɗa ne za su ɗanɗana kuɗarta. Ka mayar wa mai sayarwa ko ka ba wani mai kiwo.

Game da biyun da ke hannunka, ka yanke shawara cikin wannan watan. Idan za ka iya tanadar babban tankin nan da wata uku zuwa huɗu, ka ƙaro uku ko huɗu masu girmansu yanzu, ka sauya wurin itace da tsirrai a ranar da za ka zuba su don kowa ya zama baƙo, ka riƙa canza ruwa sau biyu a mako har lokacin ƙaura. Idan ba za ka iya ba, ka mayar da ɗaya, ko ka raba tankin da raga mai tauri kafin ka samu mai karɓa. Ranar ƙaurar kada ka yi amfani da ragar kamun kifi mai laushi, domin suna datse ta su faɗo ƙasa, kuma mafi yawan cizon da masu kiwo suke samu yana faruwa ne a lokacin da kifin yake wajen ruwa yana fizge-fizge. Ka rage ruwan tankin zuwa rabi, ka nutsar da bokitin roba mai murfi, ka kora kifin ciki a hankali da faffaɗan abu, ka rufe, sannan ka ɗaga. Bayan sun shiga sabon tankin ka kashe fitila, kada ka ba su abinci sai bayan kwana biyu.